Ramin Da Bai Yi Launi Ba

Ku da kuka cika mini waya da "Baba tela, yaushe ne bikin?", ku sassauta murna tukuna. Abin da zan ba ku yau ba zai tafi yadda kuke so ba. Wani abu ya nufo gidana, na ji takunsa tun yana nesa, kuma ina kallo har ya shigo falo ya zauna.

Ga wanda yau ya fara karantawa: ni tela ne. Karatuna bai yi nisa ba, wannan rubutun ma da babban yatsa nake yin sa a waya tsakanin ɗinki da ɗinki. 'Yata ta fari Tsuntsuwa muke ce mata. Kakarta ce ta laƙaba mata, saboda tana jaririya in tana barci ƙirjinta kuka yake yi siriri kamar na tsuntsu. Mutane in sun ji sunan sai su ce ya yi daɗi. Ni kuwa duk sanda na kira shi sai na tuna bencin asibiti.

Yarinyar nan ta sha ciwo. Kunne ya yi ruwa, ya warke, maƙogwaro ya kama, ya lafa, ƙirji ya ɗauka. Murar da ƙannenta za su yi wasa da ita a tsakar gida, ita sai ta kwantar da ita har mu manta yadda dariyarta take. Da ta girma abin ya yi sauƙi ƙwarai, amma bai tafi gaba ɗaya ba. Yanzu malama ce a makarantar ƙananan yara, kuma duk tarin da ya shiga ajinta da safe, a gidana yake kwana.

Mai neman aurenta kuwa, a gidanmu Likita ake ce masa, ko da yake ya gaji da gyara mana.

"Baba, ni fa ba likita ba ne. Mai bincike ne."

Ƙanwar Tsuntsuwa ce ta raba gardamar. Ta ce, "To Likitan Kwalba." Sunan ya bi shi.

A ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti yake aiki. Can ya fara ganin ta, lokacin da suke neman mutanen da ciwo ke yawan dawo musu, su ba da jini don bincike. Ta ba da. Aka manna wa kwalbar lamba maimakon suna, aka jefa a firiji. Ita ta manta da jinin, shi bai manta da mai jinin ba. Yaro ne mai kunya, rigarsa kullum a goge, sai dai kafaɗa ta yi masa yawa. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, idona bai bar kafaɗar nan ba har sai da na ce ya cire rigar in rage masa. Yana zaune da singileti a shagona yana gumi ya gaya mini abin da ya kawo shi. Tun ranar nake son sa.

To komai yana tafiya, har ranar da Maman yara ta shigo shago da waya a hannu, hannun duk kumfar sabulu. Shagon a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. Ba ta yi sallama ba. Ta ajiye wayar a kan yadin da nake yanka.

"Saurari surukarka."

Saƙon murya ne daga mahaifiyar Likita. Muryarta a hankali, kamar mai tsoron tashin wani daga barci.

"Maman Tsuntsuwa, ina gaisuwa, ya yara? Ba wani abu ba ne. Na ji an ce yarinyar tana da yawan laulayi tun tana ƙarama. To tunda shi aikinsa ke nan, an kuma ce jininta ma yana wajensu, ai sai ya duba mana mu sani. In sakamako ya fito, sai iyayensa maza su zo a tsayar da magana. Ba don komai ba, don kwanciyar hankali."

"Ka ji ko?" in ji Maman yara. "Ba don komai ba! 'Yar tawa za a ɗaga a rana a duba kamar yadi mai tabo?"

"Ki rage murya, akwai mutane a waje."

"Su ji mana. Gwajin da ake yi wa kowa kafin aure an yi, lafiya ƙalau. Wannan kuma na mene ne?"

Na ɗauke wayar daga kan yadin na miƙa mata.

Da yamma Tsuntsuwa ta dawo daga makaranta, cikin doguwar rigarta ruwan toka da na ɗinka mata da aljihu biyu saboda alli, mayafin ya zame kafaɗa, gefen hannun riga duk fentin yara. Ta zauna a hannun kujera tana cire takalmi, uwarta ta kunna mata saƙon. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Wannan jinin na ba da shi ne don yaran da ke kwance a asibiti," ta ce. "Sun ce babu wanda zai san nawa ne. Ban ba da shi don a auna ni ba." Ta juyo ta dube ni. "Baba, don Allah kada ka sa baki. Shi ya san amsar da zai ba Mamansa."

Na ce to.

Amma ku da kuke da 'ya'ya kun san yadda zuciyar uba take. Tun tana zanin goyo nake tambayar likitoci me ke damun yarinyar nan, kowa ya ce za ta girma ta bari. Yanzu ga shi an ce akwai wani ɗaki da amsar take zaune a cikin firiji. Na gaya wa kaina zan je ne kawai in fahimci mene ne suke nema. Washegari na rufe shago da hantsi, na sa rigar da nake zuwa suna da ita, na tafi.

Ɗakin yana can ƙarshen wani dogon lungu a bayan asibiti. Sanyi kamar an buɗe maka firiji a fuska. Manyan firiji a jere suna gurnani, tebura farare, kwalabe ƙanana a cikin gidajensu kamar zare a akwati. Likita ya gan ni ta gilashi, ya cire safar hannu ya fito da sauri.

"Baba! Lafiya dai?"

"Lafiya. Wucewa nake yi."

Babu inda ake wucewa ta wannan lungun, shi ma ya sani. Ya kawo mini kujera mai taya, na zauna tana neman gudu da ni.

"Ɗana, gaya mini da Hausa. Me kuke nema a jinin mutane?"

Ya jawo wata kujera ya zauna a gabana.

"Baba, garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai wadda take koyo, sai ta haɗu da cuta sannan ta gane ta. Akwai kuma wadda aka haife mu da ita, ba ta jiran koyo. A cikin wannan ta biyun akwai wani sinadari da hanta ke yi ta zuba a jini. Mu MBL muke ce masa. Ƙwayoyin cuta da yawa suna da wani irin sukari a bayan jikinsu. Shi aikinsa ya kama wannan sukarin ya riƙe, ya kira sauran su zo su gama da ita. Jarirai sun fi dogara da shi, kafin ɗaya garkuwar ta yi wayo. Wasu mutane suna da shi da yawa, wasu kaɗan, wasu kamar babu."

"To ta yaya kuke ganin sa? Ai jini duk ja ne."

Ya buɗe wani ƙaramin firiji ya nuna mini daga nesa wata kwalba, ruwan cikinta bai kai hawaye ɗaya ba.

"Da wannan. Antibodi ne. A jikin ɓera ake samar da shi, a tace shi. Babu abin da yake kamawa a duniya sai MBL kaɗai. Muna da faranti mai ƙananan ramuka, mu zuba ruwan jini, mu zuba wannan, mu wanke, mu ƙara wani ruwa. In akwai MBL, ramin ya yi shuɗi, daga baya ya koma rawaya. In babu, ya zauna fari kamar ruwa."

"Kamar maɓalli da ƙofarsa," na ce. "In ba nasa ba ne ba zai shiga ba."

"Haka ne, Baba."

"To me ya hana ku dubawa?"

"Abu biyu. Akwatin ya daɗe a hanya, da ya iso ƙanƙarar ciki ta kusa narkewa, kuma zafi yana kashe shi. Ba mu san ko yana da rai ba. Na biyu, ma'auninsa bai iso ba, wato tsantsar MBL wanda aka san yawansa, da za mu gwada shi a kai. Farfesa ta raba shi ƙananan kwalabe ta daskarar, ta bar wannan ɗaya don gwaji in ma'aunin ya zo. Kuma Baba, ko ya zo, an rubuta a jikinsa: don bincike kawai. Ba a gaya wa mutum ciwonsa da shi."

Muna cikin haka Farfesar ta shigo, shugabarsu, mace gajera mai furfura a gaban ɗankwali, tabarau a rataye a wuya. Ya gabatar da ni.

"Au, kai ne telan da ya gyara masa kafaɗa?" ta ce. "Allah ya saka. Da kamar an rataye riga a ƙusa yake yawo." Ta wuce.

Da zan tafi ya rako ni lungun. Na tsaya ina gyara hula.

"Na ji saƙon Mamanka," na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Baba. Na gaya mata ba a yin haka. Tun ranar ba ta ci abincin kirki ba."

Na ce, "Da dai a ce ana iya sani, da kowa ya huta."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce ya duba ba. Amma na ga yadda ya kalle ni, na kuma ga yadda ya waiwaya ya kalli firijin, ban ƙara komai ba na tafi.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ina tsakiyar sa wa wani wando zip, saƙo ya shigo.

"Baba kana shago? Ina so in gan ka kafin in ga kowa."

Ya zo rana tsaka, rigar ba guga, ido ja. Bai zauna ba sai da na ce ya zauna. Ya miƙo mini waya. Hoto ne: ramuka uku a jere a kan farin tebur.

"Me nake kallo?"

"Na buɗe inda aka ɓoye lambobin, Baba. Na nemo kwalbarta. Na ce in yi sau ɗaya, in ya yi rawaya in nuna wa Mama, magana ta mutu. Tunda ma'auni bai zo ba, sai na ɗebi jinina na sa a gefe, a matsayin na mai lafiya, don in kwatanta. Wannan nata ne. Wannan nawa. Wannan ruwa ne zalla."

Na kawo wayar kusa da ido, na nisanta ta. Duka ukun iri ɗaya ne. Fari tas.

"Ban gane ba."

"Na ruwan dama fari ya kamata ya zama. Nawa ya kamata ya yi rawaya. Bai yi ba." Ya nuna hoton da yatsa. "Ko dai antibodin ya mutu a hanya, hoton nan bai ce komai ba. Ko kuma yana da rai, ita ba ta da shi, ni ma ba ni da shi."

"Kai? Kai da ban taɓa jin ka yi tari ba?"

"Mutane da yawa haka suke, ba su taɓa sani ba har su tsufa. Ni ban taɓa auna nawa ba. Ɗauka kawai na yi ina da shi."

Na naɗe hannun rigata har gwiwar hannu, na miƙa masa. "To ɗebi nawa. Yanzu. Mu ga ko zai yi rawaya."

"Baba, kai mahaifinta ne. Abin gado ne. In naka ya fito fari, muna nan inda muke." Ya dafe goshi. "Kuma kwalbar gwajin ta ƙare. Farfesa ta gani da safe. Ta karɓe makullin."

Na kashe keken ɗinki, na ce ya tashi mu je.

Farfesa ta karɓe mu a ofishinta, ɗan ƙaramin ɗaki da takardu har kan kujera. Ta kwashe su ta ba ni wuri. Shi ta bar shi a tsaye. Wannan karon babu wasa a fuskarta.

"Ranki ya daɗe," na ce, "yaro ne, kuskure ya yi, kuma ina da hannu a ciki. Roƙona ɗaya. Ki fito da kwalba ɗaya cikin waɗanda kika daskarar, a gwada da jinin wani daban, mu san ko maganin nan yana da rai. Aure ne yake neman lalacewa."

"Malam, na ji ka, kuma ni ma uwa ce. Amma ba zan narkar da ko ɗaya ba. Kowace kwalba a can ta yaran da ke kwance a asibitin nan ce, iyayensu sun ba mu jininsu suna jira. Abin da aka narkar ba ya komawa yadda yake. Sai ma'auni ya iso."

"Yaushe zai iso?"

"An ce yana hanya. Haka aka ce mini tun wancan watan." Ta cire tabarau. "Kuma bari in gaya maka abin da shi ya kamata ya gaya maka. Ko da an tabbatar ba ta da shi, wannan ba hukunci ba ne. Akwai masu ƙarancinsa da suke dako a kasuwa lafiya lau. Akwai masu shi da yawa da suke kwance. Abin da ya sa muke binciken ke nan, don ba mu gama sani ba. Rami ɗaya a faranti ba zai gaya maka yadda jikokinka za su kasance ba."

Ta juya wajensa.

"Kai kuma, yarinyar nan ta ba mu jininta ne bisa alkawarin babu mai buɗe sunanta. Kai da bakinka ka karanta mata alkawarin. Ka sauka daga binciken nan sai an zauna a kanka. Ita kuma dole in kira ta in gaya mata. Haƙƙinta ne."

"Farfesa, ki bari ni in gaya mata."

"Da ka tambaye ta tun farko ai da ba sai an gaya mata ba."

Kafin in isa gida an riga an kira ta. Na same ta a ɗakinsu, zaune a bakin gado da rigar makaranta ba ta cire ba. Wayarta a kife a kan filo tana ta haske ta ƙasa, tana ɗaukewa, tana sake yi. Ƙanwarta ta leƙa ta ce, "Yaya, Likitan Kwalba ne fa," ta ga fuskokinmu, ta ja ƙofa ta fita.

"Baba, ka je wajensa?"

"Na je."

"Ka ce ya duba?"

"Ban ce ba."

"Amma ka je."

Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Na yi shekaru ina shiga ɗakin nan da cokalin magani a hannu, ban taɓa jin ina neman izini ba sai ranar.

"Uwata, tsoro nake ji. Tun kina ƙarama nake jin sa."

"Na sani, Baba. Duk sanda na yi tari ina jin kekenka ya tsaya." Ta goge ido da bayan hannu. "Amma ni ba ciwo ba ce. Na ɗauka ko kowa ya manta, ku biyu ba za ku manta ba."

Ta juya wayar. Na hango saƙonnin a jere: "Ki ɗaga don Allah." "Na yi kuskure." "Ki bar ni in yi bayani." "Ko zagi ne ki turo." Ta kashe ta gaba ɗaya ta sa a ƙarƙashin filo.

Ranar Asabar da la'asar sai ga mota a ƙofar gida. Likita ne da mahaifiyarsa, ba tare da sanarwa ba. Maman yara ta canza ɗankwali a tsaye, ta shimfiɗa sabuwar leda a tebur, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa, duk tana ƙunƙuni. Hajiya ta shigo cikin leshi ruwan ƙasa marar ado, babban mayafi fari, carbi a naɗe a hannu. Mace ce doguwa, siririya, ta fi muryarta tsufa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Lemo yana gabanta ba ta taɓa ba.

"Ya ce mini ya duba," ta ce. "Amma ya ce ba zai faɗa mini ba sai a gabanku. Shi ya sa na zo."

Likita yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Ya ɗago.

"Mama, na duba ba da izininta ba, kuma an dakatar da ni saboda haka. Ramin jininta bai yi launi ba."

Hajiya ta rufe ido. Maman yara ta buɗe baki, na taɓa hannunta.

"Nawa ma bai yi ba, Mama."

"Naka kuma?"

"Na sa jinina a gefe. Iri ɗaya suka fito. Wataƙila maganin gwajin ne ya lalace. Wataƙila kuma abin da kike tsoro a jikinta, yana jikin ɗanki."

Na zaci za ta yi faɗa. Na zaci za ta ce an juya mata ɗa. Sai ta ajiye carbin a cinya, ta daɗe tana kallon labule.

"Kafin kai na haifi biyu," ta ce.

"Na sani, Mama. Zazzaɓi."

"Haka muka ce maka. Ƙirji ne. Dukansu ba su kai ga tafiya ba. Na farkon a bayana ya cika, muna layin ganin likita, ban sani ba sai da wata mata ta ce in sauke shi." Ta juyo wajen Maman yara. "'Yar'uwa, wallahi ba 'yarki nake ƙi ba. Ranar da ta zo gaishe ni har ɗaki na shiga na yi kuka don daɗi. Amma da aka ce mini tun tana jaririya ƙirjinta yake, sai na ji wannan numfashin a kunnena. Ba zan iya sake riƙe jariri yana yin sa ba. Ba zan iya ba."

Maman yara, wadda ta yi kwanaki tana shirya maganganun da za ta gaya wa matar nan, ta tashi daga kujerarta ta koma kusa da ita, ta riƙe hannunta. Mu ma mun san numfashin.

"Mama," in ji Likita a hankali, "babu wanda zai iya cewa wannan ne ya ɗauke su. Ba a sani ba."

"To me aka sani?" ta ce. "Kai da karatunka duka, me aka sani?"



A lokacin ne Tsuntsuwa ta fito. Ashe tana bayan labule. Ta sa baƙar doguwar riga, ba kwalli, ba ɗan kunne. Ta durƙusa gaban Hajiya ta gaishe ta, ta ce, "Allah ya jiƙansu, Mama. Ban sani ba." Hajiya ta dafa mata kai.

Sannan ta juya wajen Likita. A gabanmu duka, ita da ko sunansa ba ta iya faɗa in ina wuri.

"Ina da tambaya. Da ramina ya yi rawaya, da ka kai wa Mama hoton, an sa rana, ni kuma ba zan taɓa sanin ka buɗe ba. Haka ne?"

Ya ce, "Haka ne."

"To in ma'aunin ya zo, aka ga naka lafiya, nawa ne kaɗai babu, me za ka yi?"

"Zan aure ki. Wallahi ko me ya nuna zan aure ki."

"Da ka san haka," ta ce, "da ba ka buɗe kwalbar ba."

Ta miƙe. Ta ce wa Hajiya ta sauka lafiya. Ta dube ni ta ce, "Baba, kada kowa ya zo tsayar da magana sai na ce." Ta koma ciki. Muka ji ƙofar ɗaki ta rufu, a hankali, ba da ƙarfi ba.

Na raka su mota. Likita ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa, ya zagayo, ya tsaya a gabana kamar zai yi magana, sai kawai ya durƙusa ya tashi. Hajiya ta sauke gilashi ta ce, "Malam, ka ba ta haƙuri. Ka ce ni ce." Na ce ba ke kaɗai ba ce.

Jiya Farfesa ta sake kiran ta, ta wayata. Ta ce tana da dama ta janye jininta daga binciken, a zubar da abin da ya rage a gabanta, ko ta bar shi. Tsuntsuwa ta ce za ta yi tunani. Da safe ta tafi makaranta kamar kullum, ta gaishe ni a ƙofar shago, ta tambaye ni ko na karya. Wayarta tana nan a kashe.

Iyakar inda muke ke nan. Ban sani ba ko antibodin nan ya mutu a hanya ko yana da rai. Ban san ranar da ma'aunin zai iso ba, Farfesa ma ba ta sani ba. Ban sani ba ko in ya iso zai tarar da jinin 'yata a firijin. Kuma ban sani ba ko har yanzu tana son yaron.